Cokalin Goggo Dijatu

"Ba haka ba, Hidaya. Kin ɗaga mata kai da yawa. Sauke haɓar ƙasa kaɗan, kamar mai duba ƙirjinta. Yauwa. To tsaya, kar ki kai cokalin tukuna."

Goggo Dijatu tana kishingiɗe a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, an tokare mata baya da filo biyu, ƙafafunta sun kumbura har fatar tana sheƙi. Da ƙyar magana ke fita, amma idonta na kan hannun Hidaya kamar na mai koyar da ɗinki. Hidaya, 'yar maƙwabtanta da katanga ɗaya ta raba su, tana durƙushe a gaban wata kujerar katako, kwanon kunu a hagu, cokali a dama, gumi na bin wuyanta tun hantsi bai ɗaga ba. A cikin kujerar Adawiyya ce, 'yar Goggo tilo, mai shekara goma sha tara. An ɗaure mata ƙugu da tsohon ɗankwali don kada ta zame, hannayenta a dunƙule a ƙirji, bakinta a rufe gam.

"Ta ƙi buɗewa, Goggo."

"Ai ba ki yi mata sallama ba. Buga kwanon."

Hidaya ta buga gefen kwanon da cokali sau biyu, ƙwas, ƙwas.

"Ki ce, bismillah Hajiya."

"Bismillah, Hajiya."

Adawiyya ta yi murmushinta mai karkata gefe guda, ta buɗe baki.

"Rabin cokali," in ji Goggo. "Ki zuba ido a maƙogwaro har sai ya motsa. In bai motsa ba, ko yini za ki yi, ki jira. Kunun kuma kar ya yi ruwa. Mai ruwa shi ne ke bin hanyar numfashi."

Kwano ɗaya ya cinye musu kusan awa guda. Da aka gama, bayan Hidaya ya riƙe, hannunta ya yi tsami. Ta lissafa a ranta: sau uku a rana, shekara goma sha tara, ga suyar ƙosai a bakin titi tun asuba. A nan Azare kuwa, a wannan layin nasu, ba a taɓa samun mace ɗaya da ta ce, "Dijatu, kawo cokalin ki huta" ba.

Abin da matan layin suka iya shi ne ba da shawara. Tun da aka haifi Adawiyya bayan doguwar naƙuda, ta zo duniya ba ta yi kuka ba, ta shekara biyu wuya bai tsaya ba, suka yanke hukunci a tsakaninsu cewa 'yar ruwa ce. Akwai wadda ta ce a kai ta bakin kogi a ajiye, a juya baya, za ta koma inda ta fito. Masu ciki suka riƙa kau da kai idan sun zo wucewa ta ƙofar gidan, wai kada ido ya ɗauka. Da mijin Goggo ya rasu, danginsa suka ce su a zuriyarsu ba a taɓa haifar irin wannan ba, suka karkaɗe riga suka tafi. Waɗannan mutanen ne dai suke cika sahun gaba a wajen wa'azi, ana zancen tausayi suna gyaɗa kai har da share ƙwalla. Hidaya ta girma tana kallonsu ta kan katanga. Da ta gama kwaleji ta fara koyarwa a firamare, sai ta tarar ko gaisuwarsu ba ta iya amsawa da sakin fuska.

Waɗanda suka karɓi cokalin Goggo ba 'yan layin ba ne. Wata ƙungiya ce da ake kira Inuwar Iyaye, ta mata masu 'ya'ya irin Adawiyya: masu sanƙarewar gaɓoɓi, kurame, makafi, da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta girma tare da jikinsu ba. Shugabarsu Anti Ummi, wata tela ce da shan inna ya cinye wa ƙafafu tun tana ƙarama, mai keken hannu da baki kamar reza. Ba su da ofis, ba su da ɗaki. Kowace Asabar suna haɗuwa a ƙarƙashin wata darbejiya a bayan makarantar da Hidaya ke koyarwa, in ruwa ya tsuge taro ya watse. A can wani kafinta ya haɗa wa Adawiyya kujerarta, a can kuma wata ma'aikaciyar asibiti mai zuwa aikin sa kai ta nuna wa Goggo yadda ake ciyar da ita. Kafin nan, duk damina sai Adawiyya ta kwanta da ciwon haƙarƙari. Bayan nan ta shekara bakwai ko tari ba ta yi. Goggo kuwa ta zama malamar cokali: duk sabuwar uwa da ta zo da ɗanta tana kuka, wurinta ake turawa.

Da goyo take kai ta. 'Yan acaɓa ba sa tsayawa, masu keke napep suna cewa za ta ɓata musu kujera da miyau. Sai Goggo ta ɗaure ta a baya da wani shuɗin zane mai kauri, ƙafafun yarinyar suna lilo har gwiwarta, ta ratsa layin a hankali, mazan da ke zaune a inuwa suna cewa, "Sannu Dijatu, Allah ya ba da lada." Ba wanda ya taɓa tashi daga benci.

"Hidaya," in ji Goggo, bayan numfashinta ya ɗan daidaita. "Likita ya ce zuciyar ce ta gaji. Ni ma na sani. In ta Allah ta kasance, ƙanena Bunu zai zo daga Katagum, zai ce zai tafi da ita. Mutumin kirki ne, wallahi. Amma matarsa ɗura ta sani."

Hidaya ta san ɗura, ita ma da ita aka raine ta. A kwantar da yaro a cinya, a tallafe tafin hannu a bakinsa, a toshe masa hanci, a kwarara kunu, ya haɗiya ko yana so ko ba ya so.

"Ranar da aka yi wa wannan ɗura," in ji Goggo, "ku haƙa mata rami kusa da nawa."

Da la'asar Hidaya ta yafa mayafi ta nufi gidan Alhaji Bubayero, mai kuɗin layin. A kusurwar gidansa akwai wani shago da ya shekara huɗu a kulle, ba komai a ciki sai mataccen janareta. Anti Ummi ta ce in suka samu ɗaki, iyaye za su riƙa karɓa-karɓa suna yini da yara, Adawiyya ta samu wurin zama ko da babu uwarta. Sau uku suna rubuta masa takarda.

Ta same shi a falon waje, ƙarƙashin wani ƙaton hoto mai gilashi. A hoton shi ne tsaye cikin babbar riga, hannunsa a kan keken guragu, yana kallon mai ɗauka da fuskar wanda ya ceto duniya. Hidaya tana wurin ranar. An shanya iyaye da yaransu a rana tun safe ana jiran mai kyamara. Kekuna biyar aka kawo, irin na tura manyan majinyata a asibiti. Da aka ɗora Adawiyya a kan ɗaya ta sulale ƙasa, sai aka ce Goggo ta riƙe ta ta baya, amma ta sunkuya kada tsohon mayafinta ya fito a hoto.

"A'a, malama ce da kanta?" in ji Alhaji. "Ya jikin Dijatu? Allah ya sa kaffara ne."

"Amin, Alhaji. Maganar shagon nan ce."

"Ai yana raina, 'yata. Kullum yana raina. Ni da mutanen nan ai abu ɗaya ne, ga shaida a bango." Ya nuna hoton da carbi. "Sai dai kin san wuri ne na bakin hanya, manyan baƙi suna zuwa mini. A ce mutum ya fito daga mota ya ci karo da... kin dai gane. Su ma ba za su sake ba. Don su nake ji."

"Su sun ce za su sake, Alhaji."

"Ke yarinya ce. Bari a wuce Sallah, mu zauna da kwamiti."

"Wane kwamiti?"

"Za a kafa."

Ya ɗaga waya ya kara a kunne tun ba ta yi ƙara ba. Hidaya ta tashi. A bakin ƙofa ta juya ta sake duban hoton. Can ƙasa, kusa da tayar keken, ana ganin yatsun Goggo guda huɗu sun riƙe kafaɗar Adawiyya. Su kaɗai ne abin gaskiya a cikin gilashin.

Kwana tara Hidaya tana ba da kunun safe kafin ta tafi makaranta, na rana da na yamma in ta dawo. Ranar Laraba bayan azahar ta shigo ta tarar Goggo ta sa an jawo kujerar har bakin tabarma, ta ɗora hannu a kan ƙafar 'yarta.

"Kin ga wannan ƙafa?" in ji ta a hankali. "Ba ta taɓa taka ƙasa ba. Duba tafin, kamar na jariri. Ni ce ƙafarta." Ta ja numfashi. "In tana jin fitsari gira take ɗagawa. In ta juya ido hagu, ta ƙoshi. Tana son rediyo, amma ba ta son masu ihu. Ki gaya wa Ummi kar ta yi faɗa da Bunu."

"Goggo, ki bari sai kin warke ki gaya mata da kanki."

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba. Ba ni ruwa."

Kafin Hidaya ta dawo daga randa da moɗa, hannun ya zame daga ƙafar Adawiyya ya kwanta a kan tabarma.

Gidan da ya shekara goma sha tara ba mai leƙa shi, cikin rabin awa ya cika maƙil. Mata suka shigo da salati, wasu da kuka har da faɗuwa. Wadda ta taɓa ba da shawarar bakin kogi ita ce mai babbar murya. "Wayyo Dijatu, baiwar Allah, mai haƙuri! 'Yar Aljanna ce wallahi!" Aka yi wanka, aka yi sutura, maza suka taru a waje da makara. Sai da aka ce mata su matso su yi mata addu'ar ban kwana, Hidaya ta waiga ta ga babu kujerar.

"Ina Adawiyya?"

"Mun ɗan shigar da ita ɗakin itace," in ji wata. "Mutane sun yi yawa, ga masu ciki."

Hidaya ta nufi ɗakin itacen. Ta ture ƙofar langalangar. Adawiyya tana cikin duhu tsakanin itace da tsofaffin tukwane, ta zame gefe guda, ɗankwalin ya shaƙe mata ciki. Hidaya ta gyara ta, ta jawo kujerar da baya da baya, ƙafafun katakon suna kartar ƙasa, mata suna darewa kamar an shigo da wuta. Ta kai ta har gaban gawar, ta kama dunƙulallen hannun ta ɗora a kan likkafani.

"Haba Hidaya, me ta sani?" in ji mai babbar murya.

Adawiyya ta dubi farin ƙyallen. Ta juya ido ta dubi tabarmar da ke bakin ƙofa, babu kowa a kai. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinta, doguwar ƙara mai kauri da ba wanda ya taɓa ji, har mazan waje suka yi tsit. Duk kukan da aka yi a gidan tun azahar, wannan ne kaɗai ba na nuna wa mutane ba.

Kawu Bunu bai samu jana'iza ba. Washegari da safe ya iso daga Katagum, dogo, siriri, hannayensa duk kantar fartanya da igiyar komar kamun kifi, da matarsa Talatu ɗauke da ƙullin busasshen kifi. Ya tsuguna a gaban Adawiyya ya yi hawaye na gaske, sannan ya ce bayan sadakar uku zai tafi da ita.

"Kawu," in ji Hidaya, "Goggo ta bar wasiyya a kan cin abincinta. Akwai yadda ake ba ta. Kuma akwai ƙungiyarsu da suka san..."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata, an gaya mini ɗawainiyar da kika yi. Amma jinina ce. In na bar ta a hannun bare, da wane ido zan dubi mutanen Katagum?"

"Shekara goma sha tara da wane ido kuke duban su?"

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Kawu ya dube ta, ya kau da kai. Talatu ta tafa hannu.

"Ikon Allah. 'Ya'yan boko! Ke haihuwa nawa kika yi? Ni tara na raina, ba wanda ya mutu da yunwa a hannuna."

Hidaya ta ja da baya. Ba 'yar'uwa ba ce, ba matar aure ba ce, katanga ce kawai ta haɗa su. Ga shi kuma Adawiyya ta ƙi cin abinci. A buga kwano, a yi bismillah, sai ta karɓi cokali biyu ta juya ido wajen tabarma ta datse baki. Talatu tana tsaye tana kallo tana girgiza kai. "Ana wasa da cokali yarinya na bushewa," take cewa.

Ranar uku ta faɗo Asabar. Da sassafe Hidaya ta sake gwadawa, cokali ɗaya ya shiga. Ta ajiye kwanon ta ce wa Talatu, "Don Allah, Inna, kar a ba ta komai sai na dawo," ta fita da sauri zuwa darbejiyar bayan makaranta. Ta sami iyaye goma sha ɗaya sun taru, dama suna shirin zuwa gaisuwa, suna ta shawarar wa za a bar wa yara.

"Ba wanda za a bar wa," in ji Anti Ummi. "Dijatu ta wanke kashin kowane yaro a nan. Da su za mu je."

Haka suka shigo layin da hantsi. Anti Ummi a gaba tana murza kekenta, bayanta mata goye da 'ya'yan da suka isa aure, wata riƙe da makaho, wata tana jan wani saurayi mai dariya shi kaɗai. A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi, maza sun cika, Alhaji Bubayero a tsakiya kan darduma yana jawabi.

"...domin marigayiya, ni na san ta. Ba ta taɓa zuwa ƙofata ta koma hannu wofi ba. Irin waɗannan bayin Allah amana ne a wuyanmu." Ya ɗago ya ga ayarin, murya ta ɗan sarƙe, amma ya farfaɗo. "Ah, to ga su nan ma! Mutanena ne. Ni na raba musu kekuna."

"Kekenka yana nan lafiya, Alhaji," in ji Anti Ummi ba tare da ta tsaya ba. "Kazar Dijatu ta yi ƙyanƙyasa biyu a kai. A ɗan janye ƙafa in wuce."

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. A daidai lokacin ne aka ji ihun Talatu daga cikin gida.

Hidaya ta kutsa a guje. A tsakar gida Talatu na zaune a ƙasa, ta kwantar da Adawiyya a cinyarta, tafin hannunta jage-jage da kunu mai ruwa, kwanon ya kife. Matan layin sun yi da'ira suna salati, ba wadda ta sunkuya. Adawiyya ta sanƙare, idanunta sun firfito, leɓɓanta sun fara yin baƙi, ba tari, ba numfashi.

"Na ga za ta mutu da yunwa ne! Wallahi tausayi ne!" Talatu ke faɗi tana jijjiga ta.

Hidaya ta fizge ta. Ta zaunar da ita, ta kifa ƙirjinta a kan hannunta na hagu, kai ya yi ƙasa, ta daki tsakanin kafaɗunta da tudun hannu yadda ta ga Goggo tana nuna wa sababbin iyaye. Ɗaya. Biyu. Ba komai.

"Da ƙarfi!" Anti Ummi ta daka tsawa daga bakin zaure. "Ba ƙwai ba ce, da ƙarfi!"

A na huɗu kunu ya feso ta baki da hanci. Adawiyya ta ja wani numfashi mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta fashe da tari. Mata biyu daga cikin 'yan ƙungiyar suka sauke nasu goyon suka karɓe ta, ɗaya tana share mata baki, ɗaya tana shafa bayanta, ba wadda ta tambayi wata abin yi. Hidaya ta zauna daɓas a ƙasa. Da ta ɗago, Kawu Bunu yana tsaye a kanta, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Ya ga komai.

"Haka ake yi wa kowane yaro," in ji Talatu cikin kuka. "Haka aka yi mini, haka na yi wa tara."

"Taran naki suna iya tari, 'yar'uwa," in ji Anti Ummi. Abin mamaki, muryarta ta sauko. "Wannan ba ta iyawa sai an taimaka mata. Ni ma kafin Dijatu ta koya mini, da haka zan yi." Ta juya kekenta ta fuskanci Kawu. "Malam, an ce kar in yi faɗa da kai, don haka ba zan yi ba. Daga nan zuwa Katagum, in ta shaƙe a mota, wa zai buga bayan? In an isa, wa zai zauna awa guda a kan kwano ɗaya, ga gona, ga kogi?"

Anti Ummi ta nuna matan ƙungiyar da hannu.

"Mu bakwai muka shirya, kowace da ranarta. A nan gidan uwarta za ta yini, da daddare ta kwana wurin Hidaya, iyayenta sun yarda. Yau kuma asibiti za mu kai ta a duba ƙirjin, don kunu ya shiga inda bai kamata ba."

"Mutane za su ce na yar da ita."

"Waɗanne mutane? Waɗannan?" Anti Ummi ta nuna matan layin da haɓa. Suka shiga gyaran mayafi. "Duk wanda ya ce ka yar da ita, ka miƙa masa cokali."

Kawu ya daɗe yana kallon Adawiyya, wadda aka mayar kan kujerarta tana sauke ajiyar zuciya. Ya sunkuya ya taɓa katakon, ya bi ɗaurin ɗankwalin da yatsa kamar mai duba ƙullin raga.

"Ba zan ce na bar ta ba," ya ce daga ƙarshe. "Talatu za ta zauna har arba'in. Ku koya mata. In ta iya, mu sake magana. In ba ta iya ba..." Ya share fuska da hannun riga. "Gero ba zai yanke muku ba in dai ina numfashi. Ga tsakar gidan nan kuma, ku riƙa taruwa a nan, ku daina zama a gindin bishiya."

Motar Katagum ta tashi bayan la'asar da Kawu shi kaɗai. Alhaji Bubayero ya riga ya tafi tun kafin a shafa fatiha, wai yana da baƙi. Matan layin suka kwashe wainar sadaka a bakin mayafi, suka fita ɗaya bayan ɗaya suna cewa ai dama su tun farko sun san yarinyar nan tana da hankalinta.

Kwana biyu Adawiyya tana zazzaɓi, maganin asibiti ya saukar da shi. Ranar Talata da yamma gidan ya koma shiru. Talatu ta durƙusa a gaban kujerar, kwano a hagu, cokali a dama, ta dama kunun da kauri har cokali na tsayawa. Hidaya na zaune a kan turmi, ta harɗe hannuwa don kada su kai kansu.

"Haɓar ƙasa kaɗan, Inna. Yauwa."

Talatu ta kai cokalin. Baki a rufe. Adawiyya ba ta ma dube ta ba, idonta na bakin ƙofar ɗaki, inda tabarma take jingine a naɗe. A kan igiya shuɗin zanen goyon yana shanye, an wanke shi sau biyu amma bakinsa bai saki tamojin ɗauri ba.

Talatu ta dubi Hidaya. Hidaya ta dubi kwanon. Sai Talatu ta juya cokalin ta buga gefen kwanon, ƙwas, ƙwas.

"Bismillah, Hajiya," ta ce, murya ƙasa ƙasa.

Adawiyya ta daɗe tana kallon tabarmar. Iska ta ɗaga zanen ta sauke. A hankali ta juyo da kai, ta buɗe baki, Talatu ta zuba rabin cokali, su biyun suka zuba ido a maƙogwaronta suna jira.